Hotunan da Yaya Sabo Ya Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Sabo Mai Hoto, kuma sai a bana na shiga ruɗanin da ban shiga ba ko a makon rasuwar.

Duk wanda ya yi suna ko walima a Haɗeja a zamaninsa ya san shagonsa. Har Guri da Jahun ake kiransa, ya rataya kyamara ya hau babur. Abin da ya ɗauko kuwa ba ya barinsa a kwamfuta. Akwai wani baƙin akwati ƙarƙashin teburinsa, mai faifai biyu a ciki, wanda aka jona da duk kwamfutocin shagon. Nan yake zuba komai. Yakan ce in faifai ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na riƙe da kwafi.

Da muka rufe shagon, akwatin ya koma ɗakin matarsa, Yaya Hajara. Wata damina ruwa ya shigo unguwarmu. An ɗaga akwatin, amma danshi ya riga ya shige shi. Ba mu sani ba sai bana, da 'yarsu ta ce tana son ganin hotunan sunanta. Muka jona, sai ƙas-ƙas da wata jar wuta.

Na kai shi Kano wurin wani mai gyara, Malam Nura. Bayan mako uku ya kira ni. Ya ce faifai ɗaya ya daɗe da mutuwa, tun Yaya yana raye. Har yau na kasa gane yadda mutum mai kaffa-kaffa irinsa ya bar shi haka. Ɗaya faifan ne Malam Nura ya lallaɓa ya kwafe kaɗan-kaɗan.

“Na ceto mafi yawa,” in ji shi, “amma sunayen hotunan da jerinsu sun tafi. Kuma har abin da marigayi ya goge da hannunsa ya dawo, ya cakuɗe da sauran. Ba ni da hanyar rarrabewa.”

Godiya kawai na yi. Ban ji nauyin maganar ba.

Mun sami hotunan sunan. Labari ya bazu, mutane suka fara sallama a gidanmu neman hotunansu. Wani masunci daga Guri ya ga mahaifinsa tsaye cikin kwale-kwale, ya daɗe yana kallo yana addu'a. Na ce lallai mun yi aikin lada.

Sai wata baiwar Allah ta zo neman hoton mahaifiyarta. Muna cikin dubawa, sai ga hoton ita baiwar Allahn kanta, zaune kusa da wata jaririya a kan tabarma. Ta kau da kai.

“Malam, ai na roƙe shi ya goge wannan,” ta ce. “Yarinyar ba ta yi wata biyu a duniya ba. Ya ce mini ya goge.”

Ya goge ɗin kuwa. Ni na dawo da shi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: da Yaya zai leƙo yau, godiya zai yi mini ko faɗa? Hotuna nawa ne a ciki irin wannan? Wanne ne ajiya, wanne ne sirri? Yaya Hajara ta ce in rufe komai. 'Yarsu ta ce ai na jama'a ne. In na saurari kowacce, sai in ga ita ce da gaskiya.

Da, a zatona, gadon da ya bari shi ne abin da ya adana. Yanzu na fara tunanin rabin amanarsa tana cikin abin da ya yarda ya shafe, kuma wannan rabin a kansa kaɗai yake, ya tafi da shi. Allah ya jiƙansa.

Na goge hoton a gaban matar. Washegari ta dawo, ta tsaya bakin ƙofa, ta tambaye ni ko akwai sauran kwafi.