Goggo Naig, Mai Ɗinka Hular Matan Gaɓar Teku

Kullum kafin masunta su dawo daga teku, Goggo Naig Kervella ta riga ta dama sitaci, ta ɗora dutsen guga a wuta, ta zauna bakin taga da allurarta. Tun tana budurwa take ɗinka wa matan ƙauyenmu, a nan gaɓar yammacin Faransa, doguwar farar hular leshi mai tsayin kamu guda. A da, da ganin surfanin hular mace ka san ƙauyensu, ka san ko mijinta na raye ko teku ta ci shi. Yau ga hula, babu kan ɗauka.

Mace ta ƙarshe da ke sa ta kullum ita ce Marivon, ƙawar Goggo, wadda ta rasu bara. Da Fanch kafinta ya kawo akwatin gawa, sai hular ta ƙi shiga.

Solenn, 'yar marigayiyar, ta ce, "A cire mata kawai, Goggo. Wa zai gani a cikin ƙasa?"

"Uwarki ba ta taɓa taka bakin ƙofa kai a buɗe ba. Sai yau da ba ta da bakin magana? Fanch, ƙaro katako."

"Haba Goggo! Gawa zan auna ko hasumiyar coci?"

"Auna duka, ja'iri!"

Ya koma ya ƙaro. Goggo ta kafa wa ƙawarta hular, mu duka muna kuka.

Ke ce mai suturta kan iyayenmu, Goggo, ranar aure da ranar tafiya. Yanzu yanar ido ta rufe miki gani, likita ya ce ki ajiye allura. Kin sa an yi shela a coci cewa duk mai son koyo ta zo, kin jera kujeru. Baƙi 'yan yawon buɗe ido ne kawai suka leƙo, suka ɗauki hoto, suka wuce.

Mun gode, ko da godiyar ta makara. Mai 'ya mai haƙuri ya turo ta ta koya tun hannun nan na Goggo yana motsi.

Jiya na tambayi Goggo wa zai goge tata hular in ranar ta zo. Ta nuna min saman kabad.

"Na riga na goge abata, 'yar nan. Wa zan jira?"