Fankar Mai Kunne

A layin masu gyaran mota babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Mai Kunne ake ce masa, kuma ya ci sunan. Idan aka kawo mota mai ciwo, ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar da ita, ya zaro wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako, ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a mariƙin, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce, "Boris ɗin cikin injin ne ya cinye," ko kuwa, "Bel ɗinka ne ya saki, je ka, kada wani ya cuce ka." Da wannan kunnen ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa mata, ya koya wa babban ɗansa sana'a. Shekara da shekaru kansa na cikin inji, guduma na dukan ƙarfe a damansa, injin yankan ƙarfe na ihu a hagunsa, bai taɓa kawowa a ransa cewa kunne ma yana gajiya ba.

Abin ya same shi ne da rana tsaka, a kan motar wani tsohon abokin cinikinsa da ya kawo ta canjin mai kawai. Ya ɗora sukundireba don sabo, sai ya ji wani siririn fito, kamar iska na tsiyaya daga taya. Ya ce akwai inda ke yoyo. Mai mota ya ce shi bai ji komai ba. Mai Kunne ya yi masa kallon da ake yi wa wanda bai san aiki ba, ya fara kwancewa. Ya kwance wannan, fito na nan. Ya kwance wancan, fito na nan. Kwana ya bi kwana, har injin mutumin ya koma gunduwa-gunduwa a kan buhu a ƙasa, shi kuwa yana tsugune yana bin kowane ƙarfe da kunne.

Ɗansa ne ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya don kada maƙwabta su ji.

"Baba, injin nan fa a kwance yake. Ko batir babu. Wane fito kake ji?"

Mai Kunne ya ɗaga kunnensa daga mariƙin. Fiton bai tsaya ba. Ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, sai ma ya ƙara fitowa fes. A nan ya gane motar mutane lafiyarta ƙalau, kuma duk layin ya gani.

Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce kunnen ya sha ƙara ne har ya lalace daga ciki, kuma babu ƙwayar da za ta kashe wannan amon. Ya yi wasu bayanai masu tsawo, amma abin da Mai Kunne ya fito da shi kalma biyu ce: ka saba. Ka saba! Magana mai arha a bakin wanda kansa yake shiru. Mutum ya saba da talauci, ya saba da maƙwabcin banza, amma yaya zai saba da abin da ba ya numfasawa, ba ya zuwa hutu, ba a rufe masa ƙofa? Ya laƙaba masa suna ɗan haya. Idan aka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Ɗan hayan nan dai yana nan, ba ya biya, ba ya tashi." Mutane su yi dariya, su ce Mai Kunne ba ya rabo da barkwanci, su wuce.

Barci ya ƙaurace masa. Mutumin da jikoki ke hawa kamar kujera ya koma mai tsawa a kan cokali ya faɗi. Yakan zauna a tsakiyar hira bai san me ake cewa ba, don rabin hankalinsa na can yana kokawa. Wani lokaci hawaye su zubo masa haka kawai yana cin abinci, ya ce yaji ne. A gareji kaɗai yake samun sassauci, inda hayaniyar ƙarfe ke danne fiton har ya manta da shi na ɗan lokaci. To amma tun ranar injin nan, babu mai kawo masa mota ya ce ya saurara. Ɗansa, yaron kirki mai tausayi, ya karɓi makullan gareji cikin ladabi.

"Ka huta haka nan, Baba. Ƙara ce ta jawo maka wannan. Ba za ka ƙara kusantar ta ba in dai ina raye."

Da haka aka mayar da shi ɗakin ƙurya, aka shiga yi masa jinya da shiru. Matarsa ta kashe rediyo ta ɗora a kan kabad. Aka hana jikoki wasa a tsakar gida. Aka daina wanke kwanuka kusa da tagarsa, aka shafa wa ƙofarsa mai don kada ta yi kuka. Gida guda ya koma magana da hannu, kowa na sanɗa kamar ɓarawo. Duk don ƙauna aka yi, babu mai musun wannan. Sai dai shirun nan shi ne abincin ɗan haya. Da gida ya yi tsit sai ya miƙe ƙafa, ya cika ɗakin, ya cika kan, har Mai Kunne ya ji kamar ya buga goshinsa a bango.

Ya faɗa mata, ba wai bai faɗa ba. "Don Allah ku yi surutu. Ki kunna rediyon nan. A bar yara su yi ihu."

Matar ta dube shi, idonta ya cika. "Maigida, mai ciwon ƙara ne zai ce a ƙara masa ƙara?" Da yamma ya jiyo ta a bakin ƙofa tana raɗa wa ɗansu cewa maganar Baba ta fara sauyawa. Kunnen da ya lalace bai hana shi jin wannan ba.

A bencin asibiti ya gamu da wani dattijo da ya yi rayuwarsa a injin yankan katako. Mutumin ya lura da yadda yake karkata kai, ya matso.

"Ƙarar da ke kunnenka, fito ne ko kukan gyare?"

Mai Kunne ya juyo da sauri. Tun da abin ya fara, ba a taɓa yi masa tambayar da ta dace ba sai yau. "Fito ne. Siriri. Naka fa?"

"Zarto ne. Na bar shi a wurin aiki, ya biyo ni gida."

Suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Mai Kunne ya ce, "Me kake ce wa mutanen gida?"

"Da sauƙi. Kullum da sauƙi." Mai zarto ya goge fuska. "Sau ɗaya na faɗi gaskiya. Na ce wa ƙanena akwai safiyar da nake jin haushin na farka. Ka san me ya biyo baya? Suka fara yi mini magana a hankali kamar ƙaramin yaro. An tsare ni, ban ce ba a kyauta ba. Amma har yau babu wanda ya zauna ya ce, yaya abin yake? Ciwon da ba ya jini, ɗan'uwa, sai ka yi ta rantsuwa kamar wanda ake tuhuma." Ya sunkuyo. "Nemi wata ƙara ta waje, 'yar ƙarama, wadda kunne zai riƙe. Ni famfo nake bari yana zuba a bokiti."

Da Mai Kunne ya dawo, ya zauna yana kallon fankar ɗakinsa, wata tsohuwa mai tsayuwa da ƙafa, wadda shi da kansa ya gyara har ba a jin motsinta. Ya jawo sukundirebarsa daga ƙarƙashin katifa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar ƙara a cikin inji yana kashewa, yau shi ne ya sassauta noti ɗaya a bayan ragar fanka, kaɗan, daidai yadda yake so. Ya kunna. Fanka ta ce kar-kar-kar, a hankali, ba fashi. Ya kwanta ya ba ta kunnensa. Fiton bai tafi ba, amma ya ja baya, ya koma lungu. Rannan Mai Kunne ya yi barcin rana har da minshari, ya tashi ya ci abinci ya nemi ƙari, ya tambayi ina jikoki. Matarsa ta ce shirun da ake yi masa ya fara aiki.

Bai daɗe yana cin wannan daular ba. Wata rana ɗansa ya biyo daga gareji da kayan aiki a jikinsa, ya leƙo gaisuwa, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Subhanallahi! Wannan ƙarar fa? Mama, haka kuka bar shi da wannan abu a kansa?"

"Bar ta," in ji Mai Kunne, ya yunƙura ya zauna. "Ni na sa ta. Ita ke sa ni barci."

Ɗan ya dubi uwarsa, uwar ta dubi ƙasa. Mai Kunne ya san wannan kallon. Shi aka yi masa ranar da yake tsugune a kan injin da babu batir. Ya ga abin da zai biyo baya idan ya ƙara kalma ɗaya: raɗe-raɗi a bakin ƙofa, murya mai laushi, wani asibitin daban da ba na kunne ba.

Ɗan ya hango sukundirebar a gefen katifa, ya ɗauka. Ya dafa bakinta a bayan fanka, ya manna kunnensa a mariƙin katakon, ya lumshe ido, sak yadda aka koya masa. Ko minti bai yi ba ya yi murmushi. Ya juya notin sau ɗaya. Fanka ta ci gaba da juyawa, ba a jin ko numfashinta.

"Ka ga, noti ne kawai," ya ce, yana goge hannu a wando, fuskarsa cike da jin daɗi. "Kunnenka na gada, Baba. Yanzu me kake ji?"

Ɗan haya ya riga ya fito daga lungu, ya miƙe ƙafa.

"Da sauƙi," in ji Mai Kunne. "Allah ya yi maka albarka."

Ɗan ya sa sukundirebar a aljihunsa don kada Baba ya ƙara wahalar da kansa, ya fita, ya jawo ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.