Kwantenar da Na Kai wa Kawu Argungu

Ana sallame sallar Asuba muka bar unguwarmu ta Nassarawa, ni da abokin aikina, muka nufi tashar Argungu a Birnin Kebbi. Kuɗin mota ya sake tashi, direba kuma ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan albasa. Ban yi musu ba, hankalina na kan ɗan filashin kwamfuta da ke aljihuna. Kafin mu wuce Ambursa na laluba shi ya fi a ƙirga, har abokina ya ce in na ci gaba zai narke.

Kawuna ne shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu. Injin ban-ruwansu ɗaya ne, kowane rani sai an yi rigima kan wa zai fara. Sai na rubuta musu notbuk, wato shafin kwamfuta mai umarni gaɓa-gaɓa, wanda zai duba girman kowace gona da ranar dashenta ya tsara rabon ruwa. Matsalar ita ce abin da ya yi aiki a kwamfutata ba lalle ya yi a tsohuwar ta sakatarensu ba. Don haka na kulle shi da duk kayan aikinsa a abin da mu masu wannan sana'a muke kira kwantena: rufaffen ɗaki ne a cikin kwamfuta, ba ya neman komai daga waje, ko data. Umarni ɗaya za a ba shi, ya bi gaɓoɓin daga sama har ƙasa da kansa. A waya kuwa abin da na ce wa Kawu kawai shi ne, ranar Asabar ina tafe da kwantena.

Hanya ba laifi. Fadama ta yi kore shar, mata na shanya shinkafa a bakin titi, direba na kauce musu yana mita. Abokina ya sayi ƙosai ta taga, ni ko ɗaya na kasa ci. Tunanina ɗaya, kada abin ya ƙi tashi a gaban mutane.

Muna sauka daga kan babur a ƙofar gidan Kawu na ga taro. An share fili fes, ga amalanke an jera, ga majiya ƙarfi sun naɗe hannun riga. Na ɗauka rasuwa aka yi ko ɗaurin aure. Kawu ya taro ni cikin babbar riga yana leƙa bayana.

"Ɗana, ina motat take? Ko ta tsaya shan mai?"

"Wace mota, Kawu?"

"Wadda ad ɗauke da kwantenat mana."

Sai a lokacin na gane kwantenar kaya yake jira. Na zaro filashin na ɗaga shi. Na ce ga kwantenar nan a cikinsa. Ashe labari ya zaga cewa ɗan 'yar'uwar shugaba zai kawo kwantena cike da taki da sababbin injuna, wasu har sun bar dashe sun taho tun da safe.

Wani dattijo ya matso ya ƙura wa filashin ido, sannan ya juya ga Kawu. "Alhaji, don wanga abu munka baro gonakinmu?"

Na buɗe baki zan ce laifina ne, Kawu ya ɗaga mini hannu. "Ni nac ce ku zo. Ku zamna mu ga abin da yaron yaz zo da shi."

Wasu suka zauna, da yawa suka ja amalankensu suka tafi. Sakatare ya kawo kwamfutarsa, batir ya kusa ƙarewa. Na sa filashi, na buga umarnin. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Da ya gama, sakatare ya karanta wa kowa ranar ruwansa. Dattijon nan ya ce ba laifi, amma taki ya fi.

Kawu ya raka mu tasha da kansa. Ya saya mana soyayyen kifi, irin na Argungu da ba a samun kamarsa a Birni. Sai da mota ta cika ya sunkuyo ta taga.

"Tun da nika shugabancin ga, ban taɓa tara mutane a banza ba sai yau. Gobe in za ka kawo muna abu, ka hwaɗe shi da Hausa."

Har muka iso Birnin Kebbi ban taɓa kifin ba. Na yi makonni ina tabbatar da cewa kowace kwamfuta za ta gane abin da nake nufi, ban ɗauki minti ɗaya na tabbatar kawuna ya gane ba. Aikin ya yi, amma kunyar shi ya sha, shi kuma zai ci gaba da zama da mutanen nan. Da na shiga gida na kira shi in ce mun sauka lafiya. Ya ce madalla, in gaida mahaifiyata, ya kashe wayar.