Baba Haruna da Munafukan Harsasai

Duk wanda ya taɓa shiga falon Baba Haruna a unguwar Ka'akiyya ta Makka ya san ba a ajiye kofin shayi a kan teburin gilashin nan. Ko daga ina baƙo ya fito, sai dai ya riƙe kofinsa a hannu har ya huce, don teburin na harsashi ne. Za ka tarar da Baba ya durƙusa, ya kwantar da kunci a kan gilashin, ya rufe ido ɗaya, yana tura kan harsashi da ɗan yatsa yana kallon yadda yake gangarawa. Kai kana sallama, shi yana cewa, "Ka gani ko? Ɗingishi yake yi."

Ni ne Bashir, mijin 'yarsa Asma'u. Tun da ya rasu mutane ke ta ba ni labarin kirkinsa, kuma ban musa ba. Amma ku a masallaci da wajen ɗaurin aure kuka san shi. Ni kuwa ni na riƙa tuƙa shi, kuma suruki ne, ba dama in ce masa na gaji.

Maƙerin zinariya ne tun yana saurayi. Da ya bar kasuwa sai ya dawo gida da ɗan sikelinsa, da madubin da ake maƙalawa a ido, da wani siririn zarto. A Makka aka haife shi, garin da ko tantabara ba a firgitawa, amma ya dage shi maharbi ne, wai kakansa da ya zo hajji a ƙafa da baka da kwari ya baro gida. Ya nemi izini, ya sayi bindigar farauta. Shi ke nan muka shiga uku. Bai yarda da harsashin kanti ba. Kwanso daban yake saye, albarushi daban, kan harsashi daban, ya haɗa su da hannunsa. Albarushi ba ya yi masa gardama, tunda shi ke aunawa. Rigimarsa da kan harsashi ce, wanda masana'anta suka ƙera ba da shawararsa ba.

Kowane ɗaya sai ya hau sikeli, ya sauka ya yi gangare a gilashi. Gwangwanayen madara uku ya ajiye, ya rubuta musu suna. Na farko salihai. Na biyu masu shakka. Na uku munafukai, wato waɗanda a ido sumul suke, amma nauyinsu ya kauce da abin da bai kai gashin gira ba.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi kan maganar Asma'u, na sha farar tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, na haddace abin da zan faɗa. Bai tambaye ni aikina ba, bai tambayi dangina ba. Kawunan harsashi biyar ya jera a gilashi ya tura su ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne mai ciwo?"

Wallahi duk iri ɗaya na gan su. Amma na ga yana jira, sai na nuna na tsakiya.

Ya daɗe yana kallona. "Shi kaɗai ne mai lafiya a cikinsu." Ya juya wajen labule ya kira matarsa. "Rakiya, yaron nan ba shi da ido ko kaɗan, kuma ya yi wa bawan Allah ƙazafi don ya faranta mini rai. A ba shi. Asma'u za ta juya shi yadda take so."

Haka aka ba ni mata.

Idan lokacin farauta ya buɗe, ranar Asabar ɗina ba tawa ba ce. Da an idar da asuba zan ɗauke shi mu bi hanyar kudu, sai mun wuce alamar iyakar Harami da nisa sosai, don shi bai yarda da alamar ba ma. A can muke haɗuwa da abokinsa Abu Salim, wani Balarabe mai awaki da ya san kowane kwazazzabo na wajen. To mun zo farauta ko? Sai Baba ya sa in kafa kwali in zana masa da'ira. Ya shimfiɗa darduma, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya ɗaga zare yana duba iska. Ya harba uku, ya aike ni in je in auna tazarar da ke tsakanin hujin. In dawo, ya rubuta, ya girgiza kai. Rana ta take, zufa ta jiƙa ni, zomaye na wucewa ta gefenmu ba ko sauri.

"Baba, ga zomo can."

"Bar shi. Ban gama sanin halin waɗannan ba."

Shekara huɗu muna wannan zirga-zirgar, kwali kawai muke kashewa.

Wata Asabar ya zo da harsasan da ya haɗa da munafukai, musamman don ya nuna wa Abu Salim yadda suke baɗɗa hanya. Ya ɗura ɗaya, ya koma kan zarensa. Sai ga zomo ya tsaya gindin wata ƙaya yana karkaɗa kunne. Abu Salim ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Harun, na gaji." Ya ɗauki bindigar daga kan buhu, ya yi bisimilla, ya harba a tsaye. Zomo ya faɗi.

Na juya baya don kada dariya ta kuɓuce mini. Baba ya taka har wajen, ya duƙa ya duba, ya dawo fuska a murtuke.

"Ina ka nufa?"

"Zomo na nufa."

"Ba can harsashin ya tafi ba. Kaucewa ya yi, zomon ya yi tsalle ya tare shi."

Abu Salim ya yanka, ya dafa da shinkafa. Baba ya ce shi ba ya cin naman kuskure. Muna cikin ci ya miƙo faranti ya ce in zuba masa romo, wai romo ba ruwansa da rigimar. Sau uku na zuba.

Abin haushin shi ne, ba ƙarya yake yi ba. Wata rana ina wajen aiki ya kira ni ya ce in zo yanzu-yanzu. A ɗakin hoton ƙashi da ƙirji nake aiki, a wani ƙaramin asibiti a unguwar Shisha. Na ɗauka Inna Rakiya ce ba lafiya, na roƙi abokin aiki ya tsaya mini, na kutsa cikin cunkoso. Na tarar da Inna lafiya lau tana share garin dalma daga tabarma tana mita, shi kuma ya tsaga wani munafuki gida biyu da zarton zinariyarsa.

"Sa madubin nan ka duba."

Na duba. A cikin dalmar akwai ɗan rami kamar ƙwayar gero, ba a tsakiya ba, a gefe. Jan ƙarfen da ya lulluɓe ta kuma ya fi kauri ta ɓangare ɗaya. Ya ce harsashi juyawa yake yi in ya fita, to in gefe ɗaya ya fi nauyi dole ya riƙa lilo, kuma duk awon albarushin da ka yi ya tashi a banza. Na ce lallai Baba ya yi gaskiya. Kuskurena ke nan.

Domin daga nan sai zargi ya koma kan salihai. Wa ya san abin da ke cikinsu? Ba yadda za a sani sai an tsaga, in an tsaga kuma ba ya harbuwa. Cikin wata guda ya yanka fiye da rabin gwangwanin. Duk wanda ya buɗe ya samu cikinsa lafiya sai ya riƙe shi a tafin hannu ya ce, "Allah sarki, ashe mutumin kirki ne." Inna ta ce da ni, "Bashir, ka yi masa magana. Jiya rabin harsashi na tsinta a cikin kwalbar hel ɗin da nake ƙamsasa shayi da shi." Ni wa? Ita da ta yi shekara arba'in da shi ba ta iya ba.

Sai ya tuna inda nake aiki.

"Injin nan naku yana ganin cikin mutum ba tare da an yanka shi ba?"

"Yana gani, Baba."

"To kawuna biyar kawai zan ba ka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri, in aka kama ni korata za a yi." Ya ce, "To." Duk wanda ya san shi ya san wannan "to" ɗin ba alheri ba ce.

Bayan mako guda sai ga shi a layin marasa lafiya da takardar likita a hannu, wai tari ke damunsa, an ce a ɗauki hoton ƙirji. Na shigar da shi, na ce a cire riga da duk wani ƙarfe. Ya cire tob, ya tsaya da singileti, ya dube ni.

"Surukina ne zai tuɓe ni?"

Kunya ta kama ni. Na ce a bar singiletin. Na tsayar da shi, na ce ya ja numfashi ya riƙe, na danna. Sai hoton ya fito a allo. Harsasai biyar, farare fat, a jere a kan haƙarƙarinsa. Da filasta ya manne su a cikin singiletin. Kafin in yi wani motsi hoton ya riga ya isa kwamfutar likita.

Likitar wata Basudaniya ce mai natsuwa, ban taɓa ganin ta da gudu ba sai ran nan. Ta banko ƙofa.

"Ya hajj, wa ya harbe ka? Yaushe?"

"Ba wanda ya harbe ni, 'yata. Na ukun daga hagu nake zargi." Ya matso ya leƙa allon. Dalma ba ta barin hasken ya ratsa ta, saboda haka ba rami ba komai, fari kawai. Ya tsuke baki. "Wannan injin naku bai san aikinsa ba."

Aka kira manaja, aka kira mai gadi. Sai da aka kwance filastar aka ga kawuna ne kawai, ba kwanso ba albarushi, sannan aka fasa kiran 'yan sanda. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka dakatar da ni mako biyu. Ina tsaye cike da haushi, a raina ina shirya maganar da zan faɗa masa a mota, wadda na shekara goma ina haɗiyewa.

Likitar ta ce tunda an zo, a sake hoton babu singileti. Abokin aikina ya ɗauka. Ta tsaya gaban allon ta duba, ta ƙara girman hoton, ta sake dubawa. Ni ma aikina ne, na ga abin da ta gani: wani tabo a huhun dama, wanda harsasan suka rufe a hoton farko. Da muka koma gida Inna ta ce ai tarin gaskiya ne, ya fi wata biyar yana yi, ta yi ta fama ya je asibiti ya ƙi. Maganar da na shirya ban faɗe ta ba har yau.

Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni ana magani. Bindigar ya mayar wa hukuma da kansa, ya ce ba zai bar wa mace da jikoki abin da ba su san kansa ba. Ana saura 'yan makonni ya rasu ya ce in kai shi wajen Abu Salim. Muka fita da safe. Ba kwali, ba buhu. Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar mota, ya jingina, yana kallon duwatsu yana numfashi da ƙyar. Abu Salim ya tafi ɗora shayi.

"Bashir."

"Na'am, Baba."

"Na wahalar da kai."

"Haba Baba, ba komai."

"Akwai komai. Kuma zan gaya maka wata magana, kada ka gaya wa Balaraben can. Da'irar da kake zana mini a kwali, na fi shekara biyu ba na ganinta sosai."

Na ce, "To ashe ba laifin harsashin ba ne duka."

Ya buɗe ido ya harare ni. "Wa ya ce maka? Rabi nasu ne."

"Sauran rabin fa?"

"Iska."

Na yi dariya har hawaye ya zubo, kuma ba na dariyar ba ne duka. Shi ma ya yi, tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofin ruwa.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar. Abu Salim ya baro awakinsa ya zo, shi ya kama makara ta gaba, ni ta baya. Allah ya jiƙan Baba Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Rakiya haƙurin shirun da gidan ya yi. Ni kuma na yafe masa, duniya da lahira.