Agogon Paris da Lambun Kawuna

Shef ɗin bironmu, wato shugaban ofishinmu a Madarumfa, ya yi wata shida a Faransa, kuma bai taɓa barin mu manta ba. Kowace safiya sai ya kunna rediyon Paris ya daidaita agogon bango da shi. Shekaru ba a samu matsala ba, don ƙarfe takwas ɗin Faransawa shi ne namu. Sai a bazarar 1976 Faransawa suka tura agogonsu gaba da awa guda, wai don su ci moriyar rana. Mu da rana ke gasawa kyauta, shef ya hau kujera ya tura namu.

Mu biyu ne masu karɓar takardu. Ni ina rubuta lokaci da agogon bango, don ina tsoron shef. Abokin aikina kuwa da na hannunsa yake rubutawa, wanda ya sayo a Katsina. Ba wanda ya lura.

A makon aka raba filayen lambu na bakin tafki, wanda ya riga kawo takarda shi ke samu. Saura fili ɗaya kawuna ya zo, mutumin da fari ya cinye wa gero shekara biyu. Ƙarfe tara ya miƙo mini takardarsa, na ɗaga kai na rubuta goma. Yana fita wani ɗan kasuwa daga garin Ɗan Issa ya shigo, ya nufi teburin abokina, aka rubuta masa tara da kwata. Aka ba ɗan kasuwa fili.

Na je na yi wa shef bayani, har ina nuna masa inuwa a tsakar gida. Ya ce, "Lokacin gwamnati shi na bisa takarda. Inuwa ba ta da tambari."

Da la'asar kawu ya same ni a ƙofar gida.

"Ɗana, ina hita yana shiga. Da idona na gane shi. Ƙaƙa ya riga ni?"

Na fara zancen Paris da awa guda. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ban san Paris ba. Hannun wa ya rubuta?"

"Nawa, kawu."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba. Da rani ya kama, ɗan kasuwan ya nemi mai ban ruwa a lambun, kuma kawuna ne ya karɓi aikin.