Jan Bik a Kan Rubutun Ɗiyar Maƙwabci

Bayan na ajiye aikin fassara a kamfanin ma'adinai na Arlit, 'yan lise, wato ɗaliban sakandare, suka riƙa kawo mini aikin gida na Ingilishi. A makarantar mishan da na yi, ba a miƙa takarda da aibi ko ɗaya, kuma da wannan tarbiyya na karɓe su.

Ɗiyar maƙwabcina, mutumin garin Tawa, ta kawo rubutu game da tarin da ke damun mahaifinta tun da ya bar aikin rami. Turancinta ya karkace, amma kowace jimla tata ce. Na ɗauki jan bik, alƙalamin gyara, na bi rubutun layi-layi, har babu abin da ya saura nata sai sunanta.

Malaminsu ya ce wani ya rubuta mata, ya ba ta sifiri, kuma makin ya hana ta wucewa aji na gaba.

Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka je ka gaya masa."

Na ce gobe. Kunyar amsa laifi a gaban malamin da a haife na haife shi ta riƙe ni, har aka rufe lakwal, 'yan makaranta suka tafi hutu, ban je ba.