Gardamar Kaka da Ƙanwarta

Har yau in na ji ƙanshin gyaɗa a kasko, sai in tuna tsofaffi biyu da suka raine ni a Zuru. Kaka, mahaifiyar babana, Kirista ce da ba ta fashin majami'a. Ƙanwarta, da muke kira Inna, ta musulunta a gidan aure a Ribah, ta dawo wurinmu da mijin ya rasu. Tabarmarsu ɗaya, gardamarsu ma ɗaya.

Bayan girbi, in an kawo gyaɗa gida, suna ɓara suna yi. Kaka ta ce littafinsu ya ce Almasihu Ɗan Allah ne. Inna ta ce nasu ya ce annabi ne mai daraja, amma Allah ba Ya haihuwa. Kada ka ɗauka karantawa suke yi, babu wadda ta san baƙi a cikinsu.

"Wa ya ce miki irin haihuwarku ce?" in ji Kaka. "Ɗan sanda fa, sanda ce ta yi naƙudarsa?"

"To Yaya, ki nemo masa wani sunan mana, ki huta, in huta."

Ni kuwa na gano hanyar ci. A ɗakin Kaka in ce mata ita ke da gaskiya, in samu ƙuli-ƙuli. A ɗakin Inna in ce Kaka ta rikice, in sha fura. Na yi ƙiba a shekarar nan.

Ranar da asirina ya tonu, kowacce ta ce ai ko yarinyar nan ta fahimta, a kira ta. Na tsaya a tsakaninsu, na dubi wannan, na dubi waccan, na ce cikina ke ciwo. Inna ta riƙe ni, Kaka ta tsinko tsumagiya. Ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya haka ba.

Yanzu a waya ake wannan gardama, da zagi, tsakanin mutanen da ba su taɓa cin tuwo tare ba. Sai in riƙa tuna Inna, wata guda bayan an binne Kaka, ta rame, ta daina ɓarar gyaɗa. Na zauna ina ba ta haƙuri. Ta share hawaye ta ce, "Ta riga ni ganin amsa. Amma da ita ce da gaskiya, wallahi da tuni ta dawo ta yi mini gori."